Bangon da Akuyar Yabawa ta Ci

Kwana uku ke nan akuyar Yabawa tana ɗaure a turke cikin filin porje, wato wurin aikin ƙungiya, kwana uku kuma ƴan tagwayen da ta haifa suna kuka a bayan ɗaki har muryarsu ta dushe. Namijin yakan ɗan lashi ruwan dusa idan an tsoma masa yatsa. Macen kuwa ta ƙi komai, tun jiya ba ta iya tsayuwa da ƙafafunta.

Laifin akuya, wai ta ci bango.

Bara bayan kaka ne wata ƙungiya ta zo Gure ta ce za ta gina wa matan unguwa ɗakin taro, jikin dangar Yabawa. Ba tubali, ba siminti. Inji suka kawo mai matse ciyawa, yana fitar da ita dami-dami masu kusurwa huɗu. Aka jera damman bisa juna, aka soke su da sanduna, aka aza katako da kwano a kai. Ginshiƙi ko ɗaya babu, ciyawar ce ke ɗauke da rufin. Daga baya aka yaɓe ciki da waje da laka. Yabawa ba ta taɓa musun cewa ɗakin na da daɗi ba. Ranar buɗewa ta shiga da tsakar rana, ta ji sanyi kamar gindin randa.

Sai dai sau biyu ta yi magana, sau biyu aka mai da ita mahaukaciya.

Na farko ranar da amalanke suka fara sauke ciyawa. Matar da ta tsara ginin, wata baƙuwa da ba ta jin Hausa, busasshen tsinke ta ce a kawo, irin wanda ko jaki ba ya waiwaya. Mushe Tahiru, wato Malam Tahiru a bakin ƴan Faransanci, shugaban aikin, ɗan birni ne da bai taɓa kiwon ko kaza ba, sai ya juya wa mutane maganar da kalma ɗaya: ciyawa. Mutanen wajen Kelle da aka sa su kawo ta kuwa ba za su kai wa baƙo abin kunya ba, suka zaɓo mai kyau, har da gadagi, wanda dabbobi suka fi so, a ciki da ganyensa. Yabawa ta zari tsinke ɗaya ta shinshina, ta ce masa wannan ai abincin dabba ne. Ya yi murmushi ya ce Iya ta je ta huta.

Na biyu ranar yaɓe. Ta ga lakar da kamiyo, babbar motar kaya, ya juye tana fari-fari a sama, ta san daga kwari aka ɗebo ta, inda kanwa ke tsatsowa daga ƙasa. Ta gaya wa Burahima magini, wanda a hannunta aka yanke masa cibiya. Burahima ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma ya faɗa, amma Mushe ya ce kwarin ya fi kusa.

To, ga bazara ta zo. Daji ya ƙare ƙat, dabbobi har kwali suke ci a bola. Awaki da tumaki da jakunan unguwa suka gano bangon da ke da kanwa a waje, gadagi a ciki. Suka lashe yaɓen kusurwar kudu har ya huje, suka shiga zaro ciyawa. Damman ƙasa suka rame, rufin ya ɗan zauna ta wannan gefen, ƙofa ta daina rufuwa. Ga manyan ƙungiya kuma ana jiran zuwansu daga Damagaram ranar Litinin. Sai aka sa mai gadi ya kama dabba ɗaya, ya kama wadda ta fi kusa.

Sau biyu Yabawa ta je biro, wato ofishin Mushe Tahiru. Duk zuwa sai ya jawo wata takarda da ƴar kwalbar tawada, ya ce ba wani abu ba ne, ta dangwala yatsa kawai ta kwance abarta. Ta tambaye shi me takardar ta ce, ya ce abin da ya faru ne. Ita kuwa a duniya ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta san idan mutum yana magana yana kallon ƙofa.

Rana ta uku da hantsi ta naɗe ƴar akuyar a gefen zanenta, ta bi ta gidan Bulama Husseini, mai unguwarsu, ta tsaya masa a ka har ya ajiye kofin shayi ya biyo ta. A hanya ta ga Burahima yana kwaɓa ƙasa a wani gida, ta ce ya wanke hannu ya taho, ko ta tona wa matarsa shekarunsa nawa kafin ya daina fitsarin kwance.

Suna shiga biro ta kwance zani, ta ajiye ƴar akuyar a kan tebur, daidai kan takardar. Abar ta miƙe ƙafafu, haƙarƙarinta na ɗagawa a hankali.

"Iya, nan fa wurin aiki ne," in ji Mushe Tahiru, yana janye wayarsa.

"Aikinka ne na kawo maka. Karanta wa Bulama abin da ka rubuta. Duka, kada ka tsallake. Da Hausa, ba da harshen da kake ɓuya a ciki ba."

Ya so ya yi gajeren bayani, Bulama ya ce a karanta. Sai ya zaro takardar daga ƙarƙashin ƴar akuya ya karanta, muryarsa na raguwa. Takardar ta ce an yi ginin yadda aka tsara, ba kuskure. Ta ce ɓarnar ta fito ne daga sakacin wata maƙwabciya mai suna Yabawa, wadda aka yi wa gargaɗi sau da yawa ta ƙi ɗaure dabbarta, kuma ta amsa laifinta.

Ba akuyar ba ce ma ta dami Yabawa yanzu. Shekara sittin da wani abu tana cikin unguwar nan, dabbarta ba ta taɓa shiga gonar kowa ba, ga shi wani yaro da aka haifa jiya zai aika sunanta Damagaram a matsayin mai sakaci, da yatsanta a ƙasa.

"Ni aka yi wa gargaɗi? Ni ko kai? Wa ya tsaya a bakin amalanke ya ce maka abincin dabba ne? Ka tara gadagi, ka shafe shi da kanwa, ka ajiye a tsakiyar gari cikin bazara, ka ce sunansa bango. Akuya ba ta yi lakwal ba, ba ta taɓa shiga aji ba, Mushe, ba wanda ya gaya mata sunansa ya sake."

Bulama ya yi tari don ya ɓoye dariya. Mushe Tahiru ya ce maganar kanwa zato ne kawai, sai an aika ƙasar an auna ta. Yabawa ta ce ba sai an aika ko'ina ba, ma'aunin yana cikin bakinsa. Ta ɗauki ƴar akuyarta ta yi gaba, dole suka bi ta.

A kusurwar kudu ta kankaro farin da ya fito jikin yaɓen da farcenta, ta zuba wa Bulama a tafin hannu. Ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce wannan ko wake za a dafa da ita. Ta miƙa wa Mushe Tahiru, ya mai da hannuwansa baya. Ta juya ga Burahima ta ce ya faɗi abin da ya gaya mata ranar yaɓe. Burahima ya daɗe yana kallon takalminsa, don aikin gyaran ma yana sa ran shi za a ba. Daga baya ya faɗa, a hankali, bai rage komai ba. Ya ƙara da cewa ginin bai mutu ba: a tokare rufin, a zare damman da aka ci a sa na busasshiyar gamba, a kankare yaɓen a sake da jar ƙasar tudu.

Mata sun fara taruwa a bakin danga, wasu da tulu a ka. Bulama ya ce shi dai a unguwarsa ba a ɗaure uwa mai shayarwa kwana uku a kan bangon da jakinsa ma ya lasa, kuma idan manya sun zo ranar Litinin zai zo ya gaishe su da bakinsa. Mushe Tahiru ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Bai ba da haƙuri ba. Ya dai ɗaga wa mai gadi hannu.

Yabawa ta ce takardar ba za ta kwana a aljihu ba. Ta tsaya da hannu a miƙe har ya fito da ita. Ta ba Burahima ya duba ko ita ce, don shi ya yi aji uku, ya nuna mata inda sunanta yake. Ta yage wurin, ta ƙulle a bakin zani, ta mayar masa da sauran.

Da aka kwance akuyar, Yabawa ta ɗauka gida za ta nufa da gudu. Ina. Kai tsaye ta wuce kusurwar kudu, hantsarta ta kumbura har tana tafiya a tale, ta kafa baki a bango. Yabawa ta zage ta, ta zagi uwar da ta haife ta, sannan ta durƙusa a ƙasa ta tura ƴar ƙarƙashinta. Ta matso nono a yatsa ta shafa mata a baki. Shiru. Ta sake. Can sai ƴar wutsiyar ta motsa, bakin ya kama.

"Iya, ki janye ta daga bangon mana," in ji Mushe Tahiru.

Yabawa ba ta ɗago ba. Hannunta ɗaya na tallafe da ƙirjin ƴar akuyar, ɗayan na riƙe da ƙafar uwar.

"Kwana uku na jira ka," ta ce. "Kai ma jira ta ƙoshi."