Zane a Kan Turmi

Atiku maƙaryaci ne, kuma a kan tsoho ƙaryarsa ta faɗa.

Tsohon kawunsa ne, Malam Ummaru masaƙin garin Mungadi. 'Yar tsohon, Salima, tana karatun kwamfuta a Aliero. Da ta ga masu sayen saƙi sun ragu, sai ta tsara manhajar da ke nuna yadda zane zai zauna a jiki tun kafin a saya. Ta auna nauyin saƙin babanta da taurinsa, ta riƙa yafa shi a kan turmi tana gyara lissafi, har zanen cikin kwamfuta ya koma sauka yadda na gaske yake sauka. Atiku mai shago a kasuwar Jega aka ba manhajar, da aikin tura bidiyon da take fitarwa ga masu saye.

Shi kuwa gani ya yi zanen ya cika tauri, ba zai ja ido ba. Ya rage lambar taurin, zane ya koma zubowa kamar siliki a bidiyon.

Hajiya Azumi ta Maiyama ta gani, ta sa aka saƙa mata na bikin 'yarta. Ranar da kaya suka isa ta kwaso su har ƙofar tsoho.

"Malam, kai da furfurarka? Wanga zane tsaye shike awa tabarma! Ba shi kunka gwada min ba."

Mutane suka taru. Tsohon da bai taɓa ganin bidiyon ba ya sunkuyar da kai. Salima, da ta zo hutu, ta fito da turmi da kwamfutarta.

"Inna, yi haƙuri, yafa shi nan da hannunki."

Hajiya ta yafa. Salima ta buɗe nata bidiyon na asali. Duk inda zanen ya lanƙwashe a turmi, nan ya lanƙwashe a allo. Hajiya ta duba na wayarta, ta ga bambanci.

"Wa ya turo miki wanga, Inna?"

Aka kira Atiku.

"Kawu, gyara nay yi don kaya su tafi."

"Da sunana ka yi gyaran," in ji tsoho.

Hajiya ta durƙusa ta roƙi gafararsa, ta ɗauki zannuwanta.

Malam Ummaru ya kwashe saƙinsa daga shagon. Maigari ya sa Atiku ya bi duk wanda ya tura wa bidiyon, gida gida, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi.