Hoton Inna Hindu Cikin Shanu

Samira ta daɗe tana aiki a shagon hoton kawunta Abdussalamu a Tasawa, amma aikin bai wuce hoton katin ɗan ƙasa ba: a zaunar da mutum gaban farin ƙyalle, a ce ya ɗaga haɓa, a danna. Kamarar kullum a kan otomatik take. Akwai wani ɗan faifai mai haruffa a samanta, da lambobi da ke fitowa a gilashin baya. Ta sha kallonsu tana son sanin amfaninsu, ba ta dai taɓa juya su ba.

Da kaka ta yi, sai ga Lamine, mai shirya fim da matasan gari, ya zo neman mai hoto. Sun gama ɗaukar fim a wajen Korgom, a kan wata tsohuwa mai tallar nono da ƴaƴanta ke son ta koma gari, ita kuwa ta ƙi barin rugarta. Za su haska shi a Tasawa da Mayahi, amma ba su da hoton da za su sa a afish, wato takardar tallar fim da ake mannawa a bango. Idon Kawu ya yi rauni, doguwar tafiya a kan moto, wato babur, kuma ta fi ƙarfin bayansa, sai ya miƙa wa Samira jakar kamara.

"Kawu, in na ɓata musu aiki fa?"

"Ki goge ki sake, ɗiyata. In abu ya shige miki duhu, ki kira ni."

Da hantsi suka isa rugar. Inna Hindu, wadda ta fito a matsayin tsohuwar cikin fim ɗin, dama sana'arta ke nan, nono take kaiwa kasuwar Korgom. Ta ɗora ƙwarya a ka ta tsaya a fili. Samira ta danna, ta duba. Sama ta fito tas, ƙwarya na walƙiya, fuskar Inna kuwa baƙi ƙirin, ko ido ba a gani. Ta sake ɗauka, haka dai. Ta koma gefe ta kira kawunta a waya.

Dariya ya yi. "Kamara ba ta san wa kike nema ba. Ta ga rana ta yi yawa, sai ta runtse ido. Juya faifan nan ki kai shi kan M, ragama ta dawo hannunki. Kin ga lambar da ke da f a gabanta? Faɗin idon ke nan. In kin rage lambar, ido ya buɗe, abin da ke bayan mutum ya dushe. Ta kusa da ita kuwa saurin ƙiftawa ne. Lambar ISO, ta ƙarfin jin haske, ki bar ta ƙasa, rana ta wadace ki."

Ta juya ta ɗauka, hoton ya fito fari fat kamar an watsa masa nono. Ta juya baya, ya yi duhu. Maimakon ranta ya ɓaci, sai abin ya shiga ba ta sha'awa. Ashe kowane ɗan motsi na yatsanta yana da abin da yake yi. Ta roƙi Inna ta koma inuwar wani gawo, ta buɗe idon kamarar, ta dinga ƙara saurin ƙiftawa kaɗan-kaɗan har fuskar ta bayyana, da shuɗin zanen da ke gefen bakinta, gonar da ke baya kuma ta narke.

"Ke ƴar nan, mi kike ta nema cikin abin nan tun ɗazu?" in ji Inna Hindu.

Samira ta nuna mata. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, ta shafa kumatunta, sannan ta ce a ƙara girman wajen kunne ta ga ko ɗan kunnenta ya fito.

Lamine ya ce an samu abin da ake so, a kama hanya. Samira ta roƙe shi su jira dawowar shanu. Wata tambaya ce ke cinta: in ido ya daɗe a buɗe, mai motsi yaya zai fito? Da la'asar sakaliya garken ya nufo gida ta cikin karan gero. Ta kifa turmi ta ɗora kamarar don kada hannunta ya girgiza ta, ta tsuke idon, ta rage saurin sosai.

"Inna, ko mi za su yi, kada ki motsa."

Shanun suka ratso Inna dama da hagu, Samira ta danna. Ta duba hoton. Inna Hindu na tsaye cak, komai nata ya fito, shanun kuwa sun zama kamar ruwa mai gudu yana kewaye ta, sai ƙahonni jefi-jefi.

"Wannan ai ya goge," in ji Lamine. "Mutane za su ce ba mu iya aiki ba."

"Fim ɗinka fa na wadda kowa ke tafiya ita tana tsaye ne."

Bai dai gamsu ba. A ƙarshe suka raba: na gindin gawo a manna a Tasawa, na shanun a kai Mayahi.

Ranar kasuwar Mayahi, Samira ta bi su don ta gani da idonta. Ta tarar da mutane cirko-cirko gaban afish ɗin da aka manna kusa da tasha. Wani na cewa aikin ordinata ne, wato kwamfuta, wani na rantsuwa hayaƙi aka yi. Wata mai fura ta tambaya ko tsohuwar ta tsira daga shanun, aka ce ta zo kallo ta gani. Da yamma kujerun gidan matasa ba su ishi jama'a ba.

Kafin a fara haskawa, wani makiyayi mai suna Illo ya nemo ta, don an nuna masa ita.

"Ke kika ɗauki hoton can?"

"Ni ce."

"Ina son ki ɗaukar mini nawa garken, suna gudu zuwa rijiya. Amma ni ban son su zama ruwa. Kowace saniya in gane ta da fuskarta. Abin naki zai iya?"

Samira ta kalli kamarar da ke rataye a wuyanta. Ba ta taɓa kai saurin ƙiftawa ƙarshensa ba, ba ta kuma san iya abin da zai tsayar ba.

"Ban gwada ba tukuna," ta ce. "Ina rijiyar take?"