Dutsen Cikin Manu

"Ɗaga rigar in gani," in ji Malam Attahiru.

Manu, maƙwabcinsa na katanga ɗaya a Nahuce, ya ɗaga da ƙyar. Ciki ya yi tim kamar ganga, ga ƙwarya a gefen tabarma da koren amai. Kwana biyu ke nan ba bayan gida, ko iska ba ta fita.

Attahiru ya san ciwon nan kamar yunwar cikinsa. Shi ne fa namijin da likitocin Gusau suka tsaga a shekarar da aka ba Zamfara jiha, suka zaro masa dutse daga hanji kamar ƙwan zabo, ya tashi da ƙafarsa. Daga Bungudu har Tsafe, wa bai ga dutsen nan a kwalba ba? In ya shiga kasuwa, tabarma ake shimfiɗa masa don a ji labari.

Saude, matar Manu, ta yi magana daga bakin ƙofa. "Malam, anya ba irin naka ba ne? Ko mu kai shi Gusau?"

Irin nasa! Manun da ko ƙaho aka kafa masa sai ya yi raki, shi ma a ce ya yi dutse?

"Ke Saude, dutse wasa ne? Ba kowane ciki ka iya ɗaukatai ba. Wanga ƙabar ciki ce. A jiƙa mashi sabara da kanwa."

"Ka ji ɗan baƙin ciki," in ji Manu, yana dariya yana nishi. "Ko ciwo ba ka so a taya ka."

Aka jiƙa. Abin da ya sha duk sai ya dawo. Attahiru yana jin kakarin amai ta kan katanga, kullum sai ya ce a ransa gobe zai ce a kai shi Gusau. Bayan ƙarin kwana uku Saude ba ta nemi shawarar kowa ba, ta sa aka tsayar da mota. Attahiru ya shiga gaba, wai shi ya san hanya.

A asibiti aka zura wa Manu roba ta hanci, aka ɗaura ruwa, aka ɗauki hoton ciki. Likita ya ɗaga hoton a hasken taga.

"Dutse ne. A matsarmama ya taru, ya huda ya faɗa hanji, ya toshe hanya. Me ya sa kuka zauna da shi har haka?"

Saude ta dubi Attahiru. Shi kuwa ya sami abin kallo a takalminsa.

Aka yi aiki, aka fito da dutsen a faranti. Masu jinya suka yi caa a kai.

"Kai! Wannan ai ƙwan agwagwa ne!"

"Girma ba shi ne ba," in ji Attahiru. "Nawa ya fi baƙi." Ba wanda ya waiwayo.

Washegari da hantsi Manu ya buɗe ido. "Attahiru, an ce na kada ka."

"Kumburi ne. In ya bushe zai motse."

"To, ka jira shi bushe."

Ashe hanjin ya riga ya ruɓe. Zazzaɓi ya rufe Manu, ranar Laraba bayan la'asar ya cika.

Liman ya ce abin da ya fito daga jikin mamaci a binne shi tare da shi. Saude ta aiko da dutsen ƙulle a tsumma, ta ce a ba Malam Attahiru ya sa da hannunsa, tunda shi ya san dutse.

A bakin kabari ya kwance ƙullin, ya ɗora a tafinsa. Bai motse ba ko kaɗan.

"Malam, tsakaninka da Allah, wanne ya fi?" wani ya raɗa masa.

"Nashi," in ji Attahiru.

Ya durƙusa ya ajiye shi a gefen likkafani, aka jera itace, aka tura ƙasa. Har jama'a suka watse yana tsugune, hannunsa na dama a buɗe bisa gwiwa, ƙuda ya sauka a tafin bai kore shi ba.