Shirwar Kwata

Hoto na arba'in ke nan Asama'u ta ɗauka, shi ma dishi-dishi ya fito, kamar an goga gawayi a sama. Ta sauke kyamarar, kafaɗarta tana zugi.

Shekara tara tana ɗaukar hoton biki, ta saba da mutanen da in ta ce su tsaya sai su tsaya. Jibi kuwa motar Madam Linda, mai kai 'yan yawon buɗe ido daga Sabon Gari, za ta tashi zuwa Yankari, kuma kujerar mai hoto guda ce tak.

"Giwa ba amarya ba ce," haka Madam ta ce mata jiya. "Kawo mini hoton abu mai rai yana cikin tafiyarsa, kafin la'asar ɗin gobe. In babu, akwai mai jira."

Dogon gilashin da Boniface mai gyaran kyamara ya ara mata ba ya saita kansa, sai da hannu. Shi ya sa tun hantsi take bayan kwatar Fagge, inda shirwa ke shawagi a kan mahauta, tana gwada hannunta.

"Hajiya, ki ce su yi murmushi mana!" wani mahauci ya ƙwala mata. Aka kwashe da dariya.

Wani dattijo da ke wanke tumbi, wanda ta ji suna kira Baba Hamzat, ya yafito ta.

"'Yata, tun ɗazu kike bin ta kamar mai korar kaza. Wa ya taɓa cim ma shirwa?"

"To Baba, yaya zan yi?"

"Daga ina iska take?"

Ta shiga waige-waige. Ya nuna mata hayaƙin babbaka da haɓa.

"Ba ta saukowa iska na bayanta, fuskantarta take yi. Ta can za ta ɓullo, ta faɗo kan dutsen nan da nake aje hanji. Shekara hamsin suna yi mini sata, in ban san hanyarsu ba ai na yi asara biyu."

"A daji fa, Baba? Can babu dutsen hanji."

"Babu wurin shan ruwa? Kowa da inda cikinsa ke kai shi. Ki riga shi zuwa, shi ke nan."

Asama'u ta kafa kyamarar a kan mazauninta mai ƙafa uku, ta ba rana baya. Ta cire filasha, ta ƙara wa kyamarar saurin ƙiftawa, ta murza gilashin a hankali har ƙudajen da ke kan dutsen suka fito tar. Awarwaronta ma ta zare ta jefa a jaka. Daga nan ba ta sake ɗaga kai sama ba.

Minti ashirin. Gumi ya gangaro mata cikin ido, ba ta share ba. Sai wata inuwa ta gifta ƙasa.

Ta danna.

"Ɓarauniya!" Baba Hamzat ya daka wa tsuntsuwar tsawa, yana dariya.

Mahautan suka yanyame ta da wuƙaƙensu a hannu. Ga shirwa nan a hoton, fukafukai a buɗe, farata sun damƙi hanji, ƙwayar idonta tana ƙyalli.

"Kai! Wallahi ita ce," in ji mai tsokanar ɗazu. "Hajiya, na janye."

Ana kiran la'asar ta shiga ofishin Madam, takalmanta duk jirwayen kwata. Madam ta jawo hoton kusa, ta ƙirga gashin fiffike da farce.

"Jibi ƙarfe shida. Batir biyu, kuma ban da jan mayafi." Ta ɗago. "Wa ya koya miki wannan?"

"Wani malamina ne a Fagge."

"Wace makaranta?"

Asama'u ta rataya jakarta.

"Kwata, Madam."