Ƙafar Tela a Kan Birki

Injin ya kama da ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Ya yi tari sau biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi ta salansa, sannan ya ɗauki gurnani mai kauri har gwangwanayen fentin da ke kan kanta suka hau rawa. Likitan haƙori ya fito daga ƙarƙashin bonet yana tsalle da sufana a hannu, ya manta shekarunsa hamsin da takwas.

"Maman Biyu, fito ki ji muryarta."

Matarsa ta leƙo garejin da tef ɗin awo a wuya. Tela ce, kuma wata takwas ke nan kekunan ɗinkinta uku suna cunkushe a falo, alhali wannan jar motar mai kujera biyu, wadda ta girmi aurensu, tana kwance a kan jak ta cinye ɗaki guda. Shi ya sa suka yi yarjejeniya. In motar ba ta zagaya layin ta dawo ta tsaya a ƙofar gida kafin sha biyun ranar yau ba, gareji ya zama shagonta, mota kuma a kai wa masu saye. Tsohon maƙwabcinsu ne shaida. Yana can bakin ƙofa a kujerar roba, ya ɗora agogo a gwiwa.

"Na ji, Injiniya," in ji ta. Haka take kiransa in tana son ta tsokane shi. "Ai kuka ba tafiya ba ne."

Ya faɗa kujerar direba yana dariya, ya taka birki don ya gwada. Ƙafarsa ta zarce har ƙasa kamar ya taka soso. Dariyar ta tsaya. Jiya da ya canza bututun birkin, iska ta shige layin man, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne: ɗaya na takawa a ciki, ɗaya na kwance ƙaramin noti a bayan kowace taya.

Ya dubi maƙwabcin.

"Ni shaida ne, Likita. Ga kuma ciwon gwiwa."

Sai ya juya a hankali ya dubi matarsa. Shekara ashirin da shida bai taɓa barin ta ta zauna bayan wannan sitiyarin ba.

"Wato in taimaka maka ka ƙwace min shagona?"

"Ƙafarki kawai nake aro, ranki ya daɗe. Minti ashirin."

Ta dube shi sama da ƙasa, baƙin mai har a gira, ta kwashe da dariya. Ta tuɓe takalmi ta shiga.

Ya kwanta a siminti wajen tayar baya da siririn bututun roba da ya ɗauko daga asibitinsa, irin wanda ake zuƙe yawun marasa lafiya da shi. Ya cusa bakin bututun ɗaya a notin, ɗayan a kwalba.

"Taka, taka, taka. Riƙe." Ya kwance, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. "Saki."

Ƙafar da ta yi shekara talatin tana taka keken ɗinki ba ta buƙatar darasi. Taya ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Likita ya fara waƙa a ƙarƙashin mota, yana kaɗa sufana a jikin ƙarfe, yana gaya wa motar za ta ga titi yau ko ta ƙi ko ta so.

"Injiniya, ya sake laushi."

"Ba zai yiwu ba."

"Ni ce a kansa. Kamar zare ya ƙare a keke, kana ta takawa ba a ɗinka komai."

Ya zabura ya leƙa ƙaramin tankin man birkin. Wayam. Garin murna ya manta ya ƙara mai, sabuwar iska ta shige. Aikin ya koma farko.

"Sha biyu saura ashirin da biyu," in ji maƙwabcin da murya irin ta mai karanta labarai.

Wannan karon ita ta karɓi ragama. "Cika tankin tukuna. Koma baya. Na riƙe, kwance. Ɗaure. Tashi ka ƙara mai, kada ka sake min shirme." Likita yana gudu daga taya zuwa bonet kamar ɗan koyo, yana cewa to, to, yana dariya har numfashinsa na sarƙewa. A taya ta huɗu ta danna, birkin ya tsaya ƙyam a rabin hanya.

"Yanzu ya yi," in ji ta.

Ya sauke jak, ya ɗaɗɗaure notunan tayoyi. Saura minti biyar. Ya zo ƙofar direba, hannuwansa sharkaf da mai, suna santsi ko marfin kwalba ba za su riƙe ba.

"Da waɗannan za ka kama sitiyari?" in ji matarsa daga kujerar direba. "Zagaya ka shiga."

"Kulocin yana da wuyar sha'ani, giya ta biyu kuma sai an lallaɓa..."

"Saura huɗu," in ji maƙwabcin.

Ya zagaya ya shiga. Motar ta fita daga gareji da tsalle ɗaya, ta hau titi. A kwanar farko Maman Biyu ta samu giya ta biyu ba tare da ko ƙara ba. A miƙaƙƙen layin bayan makaranta ta danna totur, iska ta cika motar da ba ta da rufi, tef ɗin awo ya tashi ya bar ta. Mai shagon bakin kwana ya fito da kwali a hannu ya saki baki. Likita ya riƙe ƙofa, rabi tsoro rabi daɗi, yana jin injinsa na waƙar da ya yi wata takwas yana mafarki.

Ga ƙofar gida nan, ga maƙwabcin ya ɗaga yatsa ɗaya. Saura minti guda.

"Taka birki. Maman Biyu, nan ne. Taka."

Ta wuce. Ta ɗaga wa tsohon hannu, ta sa giya ta uku tana ƙyalƙyala dariyar da rabonsa da jin irinta tun kafin a haifi tagwayen.

Da suka sake zagayowa ta tsaya daidai ƙofa, lafiya lau, ko girgiza babu. Maƙwabcin ya duba agogo sau biyu.

"Sha biyu da minti uku. Likita, ka faɗi."

Likita ya dubi jan bonet ɗin da ke huci.

"Gareji ya zama nawa ke nan," in ji ta, tana gyara gashinta a madubi. "Kuma ni ke da ikon abin da zai kwana a ciki. Kekuna su ƙara haƙuri a falo."

Ta zare makullin ta jefa a aljihun rigarta.

"Asabar mai zuwa ka duba min kulocin nan, Injiniya. Yana ɗan ja."