Kore a Ƙarƙashin Shuɗi

Baban budurwata bai ƙi ni don hali ba. Tela ne, ya auna ni da ido tun daga hula har takalmi, ya ce ɗinkin ba laifi, yadin ne ba nasu ba.

"Ku mutanen tudu ne, mu mutanen gaɓa. Harshenku daban, namu daban, tun kaka da kakanni ba mu haɗa kwano ba. Ka gaida gida."

Na fito daga shagonsa ina jin kamar an bi zuciyata da almakashi.

Abin haushin, ofis ɗaya muke aiki da ita, inda ake binciken wurin zaman kowace ƙabila da harshen da take yi. Ita ke saurarar muryoyin da aka naɗo daga ƙauyuka tana rubuta kalmomin, shi ya sa ake ce mata 'Yar Kunne. Ni nawa fenti ne. Shugabanmu ya duba kalmomin, su ruwa, wuta, uwa, kare, har ɗari, in ya ce garin na gaɓa ne in shafa masa shuɗi a babbar taswira, in na tudu ne in shafa kore. Yana da doka ɗaya da yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya: duk garin da aka je, a nemi wanda ya fi kowa tsufa, don a bakinsa ne harshe bai gauraya ba.

Ranar da takardar garinmu ta iso teburina, sau uku na karanta. Shuɗi! Hawaye suka cika mini ido, na ruga wurin 'Yar Kunne.

"Kin gani? Ashe ni ma ɗan gaɓa ne!"

"Allah ya sanya alheri," ta ce. "Duba ta ƙasanta."

Ta garinsu ce. Kore. Wato musaya kawai muka yi, muna nan inda muke.

Ta mayar da abin sauraron muryoyinta kunne, bakinta na motsi kamar mai danne dariya. "In za ka koma wajen Baba, ka je ranar Asabar da hantsi. Kuma ka tafi da kakarka."

A gaban shugaba na shafa wa garinsu kore. Da aka fita cin abincin rana, na dubi ƙofa, na dubi fanka, na tsoma buroshi cikin shuɗi na bi kan koren. Wanda bai taɓa so ba shi zai zarge ni.

Kaka ta zo birni ganin likitan ido, tana gidanmu. Da ta gan ni da taswira a hammata sai ta riƙe haɓa.

"Mijin nawa, da takarda ake neman aure yanzu? A zamaninmu da baki ake yi."

Muka tarar da tela a kan keken ɗinki, tef a wuya. Can ƙuryar shagon mahaifiyarsa ce zaune a kujera 'yar tsugunno tana sa maɓalli, tsohuwa tukuf, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na shimfiɗa taswirar a teburin yanka, na danne kusurwoyinta da dutsen guga da almakashi.

"Baba, ga bincike na masana. Ga garinmu, ga naku. Launi ɗaya, harshe ɗaya."

Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Na ga fuskarsa ta fara saki, har na fara zaɓen launin rigar angonci a raina. Sai ya yi abin da duk tela ke yi in an kawo masa sabon yadi: ya lashi babban yatsa ya murza, ya ga ko rinin na zuba.

Shuɗin ya biyo yatsansa. Kore ya leƙo.

"Yaro, wannan fa?"

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na faɗi gaskiya, muryata kamar ta ɗan akuya: takarda ta ce kore, ni na ƙara shuɗin.

"Ha'incinka daban, za mu zo kansa," ya ce yana huci. "Amma wane maƙaryaci ne ya ce garinmu na mutanen tudu ne?"

"Ni ce."

Duk muka juya. Tsohuwar ta ciji zare ta tofar.

"Inna?"

"Bara, kafin ka ɗauko ni, wasu yara suka zo da na'ura, wai mafi tsufa suke nema. Mazan duk sun riga mu gidan gaskiya, aka nuna ni. Suka ce in faɗi ruwa da wuta da harshen da na sha a nono. To nonon wa na sha? A kan jaki aka sauko da ni daga tudu, ina kuka, ubanka na washe baki."

"Inna, ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ka taɓa tambaya? Waƙar da nake yi maka a goye, da harshen kifi ka ɗauka nake yi?"

Kaka ta fashe da dariya har tana dafa tebur. "Ai ni ma ni suka samu a namu garin. A kwalekwale aka haye da ni, amai na yi ta yi har tsallake." Ta juya ga tsohuwar ta yi mata wata gaisuwa da ban taɓa ji a bakinta ba, gaisuwar gaɓa tsantsa. Tsohuwar ta amsa mata da ta tudu, irin ta gidanmu sak.

Ni ma ban taɓa tambaya ba. Kaka ai kamar rijiyar gida ce, wa ke cewa daga ina aka kawo ta? Shekara biyu muna fenti, ashe taswirar tsofaffin amare muke zanawa.

Bayan labule wata ta kasa riƙe dariya, 'Yar Kunne ce. Sai a lokacin na gane: wadda ta saurari muryoyin nan ai ta san muryar kakarta.

Tela ya zauna a hankali. Ya dubi yatsansa, rabi shuɗi rabi kore, ya goge a ƙyalle, bai fita ba.

"Tun kaka da kakanni, ko?" in ji mahaifiyarsa. "To ga kakannin a gabanka. Miƙo mini maɓalli."

Ya miƙa mata. Sannan ya zare tef daga wuyansa, ya dube ni a karkace.

"Tashi tsaye. Buɗe hannuwa. Ka ce wa kawunanka su zo ranar Juma'a." Ya zagaya ƙirjina da tef ya ja, har numfashina ya ɗauke. "Yadin kuwa ni zan zaɓa. Kai ba ka san mai zuba ba."