Mtorin da Surukata Ta Shanye

Makon jiya muka binne surukata, Mama Elisante. A coci kowa ya ce mace ce mai gaskiya. Ni dai na san ta taɓa shara ƙarya a tsakiyar kasuwar Mwika, kuma saboda ni.

Da na haifi 'yata Haikael aka killace ni a ɗaki wata uku, kamar kowace mai jego. Aikinki ci da shayarwa. Ranar fita a kai ki kasuwa, mata su duba wuyanki da damatsanki. In kin yi ɓul-ɓul, gidan miji sun fita kunya. In kin fito a rame, sai an tono dalili.

Nawa dalilin ba na faɗa ba ne. Yarinya ta yi kuka, in zuba mata ido kamar 'yar maƙwabta. Ni ma in yi ta kuka, ban san na mene ne ba. Kuma na ga abin da aka yi wa wata a ƙauyenmu: aka ce ba ta son ɗanta, dangin miji suka karɓe shi, aka mayar da ita gidansu.

Kullum Mama za ta shigo da kwanon mtori, ayaba da nama an dama, man shanu na yawo a kai.

"Aikande, sha," in ji ta, tana kiran sunana.

"Ba ya wucewa, Mama."

"Akuyata guda na yanka, ke kuma kin tasa bango a gaba kamar an ba ki gadinsa."

Ba ta so kwanon ya fita a cike matan gida su gani, sai ta zauna ta shanye. Tana sha tana zagin ɗanta, wato mijina, tana ba ni labarin yadda ita ma bayan haihuwarsa take ɓuya a gonar ayaba ta sha kuka. Takan ɗora min yarinyar a ƙirji ta ce, "Ba sai kin so ta yau ba. Riƙe kawai, hannuna na cikin kwano."

Ranar fita zanena ya zagaye ni har da saura. Na Mama ya ƙi haɗuwa.

Muna shiga kasuwa Manka mai wake ta ƙare mana kallo.

"Mama Elisante, wace ce mai jegon a cikinku? Surukar nan taki lafiya kuwa? Ko dai..."

Na gyara goyona.

"Ko dai me, uwar gulma?" in ji Mama, ta dafa tumbinta. "Ni na hana ta. Kullum sai in ƙwace kwanon in shanye. Tsufa ne ya zo min da kwaɗayi, sai ku kai ƙarata wurin fasto."

Kasuwa ta kaure da shewa. Wata ta ce ɓarauniyar jego, wata ta ce a ɗora ta a sikelin kofi. Ba wadda ta sake kallona.

Muka kama hanyar gida, Haikael na bayana. Mama na gaba tana haki a hawan tudu.

"Gobe zan kai ki wurin nas, ki faɗa mata komai," ta ce. "Cikina ba zai iya wani wata ukun ba."